Yadda Za Ka Karanta Molekul: Jagora kan Ƙwayar Zarra da Ƙulle-ƙullen da Jikin Mai Rai Ya Ginu a Kansu

Yawancin littattafan ilimin halittu suna buɗewa ne da babi kan ƙwayar zarra da yadda sinadarai ke haɗuwa, kuma ɗalibai da yawa suna wuce wannan babi da gaggawa domin su isa ga jini da gado da ƙwayar halitta, waɗanda su ne suka ja hankalinsu tun farko. Abin da ke biyo baya shi ne hadda. A haddace cewa kitse ba ya narkewa a ruwa, a haddace cewa zafi yana lalata furotin, a haddace cewa igiyoyi biyu na DNA, sinadarin da ke ɗauke da gado, suna rabuwa lokacin kwafi, alhali kuwa amsar duka ukun tana wuri guda, wato wurin elektiron: ina yake zaune, wace ƙwayar zarra ce ta fi jan sa, kuma mene ne ƙarfin riƙon da ya haifar. Wannan jagora hanya ce ta aiki, wadda za ka bi da takarda da fensir da jadawalin sinadarai a gabanka, har ka kai matsayin da idan aka ajiye maka zanen wani molekul, wato ƙwayoyin zarra da suka ƙullu da juna, wanda ba ka taɓa gani ba, za ka iya faɗin yadda zai kasance a cikin ruwa da irin aikin da zai iya yi a jiki.

Mataki na farko: ƙirga abin da ke cikin ƙwayar zarra

Kowace ƙwayar zarra, wato mafi ƙanƙantar yankin sinadari na asali, tana da cibiya, wadda ta ƙunshi firoton mai cajin ƙari, da ake nunawa da alamar +, da kuma niyutiron wanda ba shi da caji, in ban da haidirojin na yau da kullum da ba shi da niyutiron. A kewayen cibiyar akwai elektiron mai cajin ragi, da ake nunawa da alamar −. J.J. Thomson ne ya gano elektiron a 1897, Ernest Rutherford ya tabbatar da samuwar cibiya a 1911, sannan James Chadwick ya gano niyutiron a 1932. Firoton ya ninka elektiron nauyi kusan sau 1,836, saboda haka kusan dukkan nauyin ƙwayar zarra a cibiya yake. Amma a duk sauye-sauyen sinadarai da ke gudana a jiki, daga narkar da abinci zuwa numfashi, cibiya ba ta canzawa. Elektiron ne kaɗai ke sauya mazauni, don haka a kansa za mu sa ido.

Yawan firoton shi ne lambar zarra, kuma shi ne ke tantance ko wane sinadari ne. An san sinadarai na asali 118, amma kada wannan adadi ya firgita ka, domin guda huɗu ne suka ɗauki kusan kashi 96 cikin ɗari na nauyin jikin ɗan Adam: oksijin kimanin kashi 65, kabon 18, haidirojin 10, naitirojin 3. Rubuta waɗannan lambobin zarra a saman takardarka: haidirojin (H) 1, kabon (C) 6, naitirojin (N) 7, oksijin (O) 8, fosforos 15, salfa 16. Da waɗannan shida ake gina manyan molekul na rayuwa. A ƙarƙashinsu ka ƙara sodiyam 11, maganiziyam 12, kilorin 17, fotasiyam 19, kalsiyam 20 da ƙarfe 26. Waɗannan lambobi goma sha biyu su ne kawai haddar da nake ba ka shawara ka yi, sauran kuwa lissafi ne zai fitar maka da su. A ƙwayar zarra da ba ta da caji, yawan elektiron daidai yake da yawan firoton.

Yawan niyutiron yana iya bambanta a sinadari guda, kuma irin waɗannan nau'o'i ake kira aisotof. Kabon-12 yana da niyutiron 6, kabon-14 yana da 8 kuma yana rushewa a hankali, inda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730. Tunda yawan elektiron ɗinsu ɗaya ne, tsiro yana ɗaukar dukansu ya yi aiki da su, kuma wannan ne ya ba Melvin Calvin da abokan aikinsa damar bin sawun kabon-14 har suka gano hanyar da tsirrai ke bi su mayar da iskar kabon dayoksaid sukari.

Mataki na biyu: rarraba elektiron a zobba

Zana ɗigo a matsayin cibiya, ka kewaye shi da zobba. Zoben farko yana ɗaukar elektiron 2, na biyu 8, na uku kuma 8 a wannan matakin karatu. Hoton ya samo asali ne daga aikin Niels Bohr na 1913, kuma ya kamata ka san cewa sauƙaƙawa ce, domin elektiron ba ya bin wata hanya shatacciya, zobban matakai ne na makamashi. Duk da haka hoton yana aiki sarai ga sinadarai ashirin na farko, ƙarfe ne kawai a jerinmu ya wuce iyakarsa.

Cika zobban daga ciki zuwa waje. Kabon zai ba ka 2 da 4, naitirojin 2 da 5, oksijin 2 da 6. Sodiyam zai ba ka 2, 8, 1, kilorin kuma 2, 8, 7. Lambar ƙarshe ita ce abin nema, domin elektiron na zoben waje ne kaɗai ke shiga ƙulli. Idan ka yi wa salfa za ka samu 2, 8, 6, wato zobensa na waje irin na oksijin ne, shi ya sa suke layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa a jadawalin da Dmitri Mendeleev ya tsara a Rasha a 1869, tun kafin a san da elektiron. Hiliyam da niyon da agon zobensu na waje a cike yake, kuma kusan ba sa haɗuwa da komai.

Yanzu ƙirga guraben da suka rage kafin zoben waje ya cika. Haidirojin saura 1, oksijin 2, naitirojin 3, kabon 4. Wannan shi ne yawan ƙullin da kowannensu ya saba yi, kuma da shi za ka riƙa duba ingancin kowane zane. Salfa yana yin ƙulli 2 a cikin furotin, fosforos kuma ana zana shi da ƙulli 5 a cikin fosfet, wato fosforos da oksijin huɗu suka kewaye. Za ka ji ana cewa ƙwayar zarra tana «so» ta cika zobenta. Salon magana ne kawai, ainihin abin da ke faruwa shi ne tsarin da ya fi ƙarancin makamashi ya fi dawwama, kuma za mu buƙaci wannan fahimta a mataki na bakwai.

Mataki na uku: zana ƙullin tarayya

A 1916 Gilbert Lewis ya bayyana cewa ƙwayoyin zarra biyu suna iya yin tarayya a kan elektiron guda biyu, kowace ta lissafa su cikin zobenta. Wannan shi ne ƙullin tarayya, ana zana shi da layi ɗaya, kuma shi ne ƙashin bayan kowane molekul na rayuwa. Fara da ruwa: rubuta O a tsakiya da ɗigo shida a kewaye, ka haɗa ɗigo biyu da H guda biyu. Ɗigo huɗu za su rage, biyu-biyu. Waɗannan su ne keɓaɓɓun tagwaye, wato elektiron da ba su shiga ƙulli ba, kuma kada ka goge su, domin su ne za su bayyana maka siffar ruwa da halayensa. Yi wa amoniya, NH₃, za ka ga ƙulli uku da keɓaɓɓun tagwaye guda. Yi wa metan, CH₄, za ka ga ƙulli huɗu ba saura.

Idan guraben ba su cika da layi ɗaya ba, ƙara na biyu. A CO₂ kowane oksijin yana riƙe da kabon da layi biyu. A iskar naitirojin, N₂, layi uku ne, kuma tsinke su yana cin kimanin kilojul 945 a kowane mol, wato kowane tarin ƙwayoyi 6.022 × 10²³. Wannan ƙarfi ne ya sa, duk da naitirojin shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, dabbobi da tsirrai ba sa iya amfani da shi kai tsaye, sai wasu bakteriya sun fara kwance shi.

Kabon ya zama ginshiƙin rayuwa ne saboda gurabensa huɗu da kuma yadda yake ƙulluwa da ɗan'uwansa da ƙarfi, ya yi dogayen sarƙoƙi da rassa da zobba. A zanen littattafai sau da yawa ba a rubuta harafin C, kowace kusurwa da kowane ƙarshen layi kabon ne, haidirojin ɗin da ke jikinsa kuma ba a nuna shi. Idan ka ga kusurwa mai layi biyu kacal, to akwai H guda biyu a ɓoye. Yana da kyau a farkon karatu ka riƙa mayar da su da hannunka har idonka ya saba.

Mataki na huɗu: tambayi wa ya fi jan elektiron

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma a ganina ɗalibin da ya riƙe wannan mataki ya rage wa kansa rabin wahalar da ke gaba. Tarayya ba ta cika zama raba-daidai ba. Wasu ƙwayoyin zarra sun fi wasu ƙarfin jan elektiron, kuma Linus Pauling ya samar da ma'aunin wannan ƙarfi a 1932. A ma'aunin, oksijin yana da 3.44, kilorin 3.16, naitirojin 3.04, salfa 2.58, kabon 2.55, haidirojin 2.20, sodiyam 0.93.

Ga kowane layi a zanenka, ɗebe ƙaramar lamba daga babba. Tsakanin kabon da haidirojin tazarar 0.35 ce, ƙarama ƙwarai, saboda haka elektiron yana zaune kusan a tsakiya kuma ƙullin daidaitacce ne. Tsakanin oksijin da haidirojin tazarar 1.24 ce, elektiron ya karkata wajen oksijin, wanda ya samu ɗan cajin ragi, haidirojin kuma ya rage da ɗan cajin ƙari. Wannan karkataccen ƙulli ne. Haka yake tsakanin naitirojin da haidirojin, mai tazarar 0.84, da tsakanin kabon da oksijin, mai 0.89. Ana yawan ɗaukar tazarar da ba ta kai 0.5 ba a matsayin daidaitacciya, amma ka sani babu katanga a tsakani, karkatar tana ƙaruwa ne sannu a hankali.

Idan tazarar ta yi yawa ƙwarai, kamar 2.23 da ke tsakanin sodiyam da kilorin, tarayya ta ƙare. Kilorin ya karɓe elektiron ɗin gaba ɗaya ya zama Cl⁻, sodiyam ya zama Na⁺, kowanne da cikakken zoben waje. Ƙwayar zarra mai caji ita ce ayon, jan da ke tsakanin ayon masu caji mabambanta kuma shi ne ƙullin ayon. A busasshen gishiri wannan ƙulli yana da ƙarfi sosai, sai zafi ya kai kusan digiri 801 a ma'aunin Salshiyas kafin ya narke, amma ruwa yana raba ayon ɗin cikin sauƙi. Tunda cikin jiki ruwa ne, sodiyam da fotasiyam da kilorin suna yawo ne a rarrabe, kuma cajinsu shi ne amfaninsu. Wani furotin da ke tantanin ƙwayar halitta, wanda Jens Skou ya gano a 1957, yana fitar da Na⁺ uku ya shigo da ayon na fotasiyam, K⁺, guda biyu a kowane zagaye, kuma bambancin da wannan ke tarawa tsakanin ciki da waje shi ne jarin da jijiyoyin laka ke aika saƙo da shi.

A aikace ba sai ka yi lissafi kullum ba. Ɗauki jan alƙalami ka kewaye kowane O da kowane N a zanen. Inda ja ya taru, wurin yana da karkata. Inda C da H ne zalla, babu.

Saura abu guda, wato siffa. Tagwayen elektiron suna ture juna, don haka suna nisantar juna iyakar iko. A metan ƙulli huɗun suna buɗewa da kusurwar digiri 109.5. A ruwa, keɓaɓɓun tagwaye biyun nan suna danne ƙulle-ƙullen biyu zuwa digiri 104.5, sai molekul ya lanƙwashe, gefen oksijin ya zama na ragi, gefen haidirojin na ƙari. CO₂ kuwa miƙaƙƙe ne, oksijin biyun suna ja ta fuskoki masu adawa da juna, sai karkatar ta soke kanta. Saboda haka karkataccen ƙulli ba lalle ne ya haifar da karkataccen molekul ba, sai ka duba siffa. Idan kana son ganin girman tasirin wannan, kwatanta metan mai nauyin 16 da ruwa mai nauyin 18. Nauyinsu kusan ɗaya ne, amma metan yana tafasa a kimanin digiri 161 ƙasa da sifiri, ruwa kuwa sai a digiri 100.

Mataki na biyar: nemo raunanan ƙulle-ƙulle

Dalilin wannan tazara shi ne ƙullin haidirojin. Haidirojin da ke jikin oksijin ko naitirojin, wanda aka janye wa elektiron, yana jingina da keɓaɓɓun tagwayen wani oksijin ko naitirojin da ke kusa. Ana zana shi da ɗige-ɗige. Ƙarfinsa a ruwa kimanin kilojul 20 ne a kowane mol, alhali ƙullin tarayya da ke tsakanin O da H ya kai kimanin 460. Kowane molekul na ruwa yana iya riƙe maƙwabta har huɗu, biyu ta haidirojin ɗinsa, biyu ta keɓaɓɓun tagwayensa, kuma ƙulle-ƙullen suna tsinkewa suna sake haɗuwa ba tsayawa.

Daga nan halayen ruwa suka fito. Yana buƙatar jul 4.18 kafin giram ɗaya ya ƙara digiri ɗaya, don haka zafin jiki ba ya hawa da sauka da gaggawa. Gumi yana sanyaya fata ne domin kowane molekul da zai tashi sai ya tsinke ƙulle-ƙullensa, kuma daga jiki yake ɗibar makamashin. Ƙanƙara tana yawo a saman ruwa domin ƙulle-ƙullen sun daskare cikin tsari mai fili, sai tafki ya daskare daga sama, halittun ƙasa su tsira.

Raunin wannan ƙulli shi ne amfaninsa. Tsinken tsintsiya ɗaya ba ya shara, amma idan aka ɗaure su da yawa sai su yi aiki, kuma ana iya zare su ɗaya bayan ɗaya. Dubi DNA, wanda James Watson da Francis Crick suka bayyana tsarinsa a 1953 bisa hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka samar. Kowace igiya an ƙulla ta ne da ƙullin tarayya, don kada jerin haruffan gado ya wargaje. Tsakanin igiyoyin biyu kuwa ƙullin haidirojin ne, biyu tsakanin haruffan gado A da T, uku tsakanin G da C, don a iya buɗe su a karanta a mayar. A ɗakin gwaji ana ɗora DNA a zafin kimanin digiri 95, igiyoyin su rabu, jerin haruffan kuma ya zauna lafiya. Duk lokacin da ka ci karo da wani tsari a ilimin halittu, yi wannan tambaya: wane sashe ne aka riƙe da ƙulli mai ƙarfi domin ya dawwama, wane ne kuma aka riƙe da mai rauni domin ya motsa?

Akwai kuma wani jan da ya fi wannan rauni, mai ɗauke da sunan van der Waals, wanda ke faruwa tsakanin kowaɗanne ƙwayoyin zarra da suka matso dab da juna, saboda elektiron yana ɗan taruwa gefe guda na ɗan lokaci. Yana tasiri ne idan fuskoki biyu suka dace da juna sosai. Stiyarik asid da oleyik asid duka kitse ne mai kabon 18. Na farkon sarƙarsa miƙaƙƙiya ce, molekul ɗin suna jeruwa a matse, kuma sai zafi ya kai kusan digiri 69 yake narkewa. Na biyun yana da ƙulli mai layi biyu a tsakiya, wanda ba ya juyawa kamar mai layi ɗaya, ya lanƙwasa sarƙar ya hana jeruwa, don haka a zafin ɗaki ruwa-ruwa yake.

Sassan da ka kewaye da ja masu son ruwa ne, domin ruwa yana iya ƙulluwa da su. Sassan C da H zalla masu gudun ruwa ne, kodayake gaskiyar lamarin ita ce ruwa ne ke tattara su wuri guda: molekul ɗin ruwa da ke kewaye da su suna takura, don haka idan suka dunƙule, fuskar da ke taɓa ruwa ta ragu, takurar ma ta ragu. Tantanin kowace ƙwayar halitta haka ya samu. Molekul ɗin da ke gina shi yana da kai mai fosfet mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa, sai su jeru sahu biyu, jela a ciki, kai a waje, ba tare da ƙullin tarayya tsakanin maƙwabta ba. Furotin ma haka yake naɗewa, sassa masu gudun ruwa su shige ciki. Zafi yana warware waɗannan raunanan ƙulle-ƙulle, siffar ta rushe, aikin ya tsaya, ko da yake sarƙar amino asid, wato tubalan da aka jera aka gina furotin da su, tana nan ba ta tsinke ba.

Mataki na shida: duba wanda ke saki ko karɓar H⁺

Asid shi ne mai sakin ayon na haidirojin, H⁺, bes kuma mai karɓarsa. Ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a 1909, yana nuna yawan H⁺, kuma kowace lamba ɗaya ninki goma ce: pH 6 ya ninka pH 7 yawan H⁺ sau goma. Jini yana tsakanin 7.35 da 7.45, kuma baikabonet da ke cikinsa yana shanye rarar H⁺ idan ya yi yawa. A zanenka nemi rukuni uku. Rukunin –COOH a pH na jini ya riga ya saki H⁺ ya zama –COO⁻. Rukunin –NH₂ na amino asid ya karɓa ya zama –NH₃⁺. Fosfet kuma yana ɗauke da cajin ragi. Rubuta waɗannan caji a zanen ko da littafi bai nuna su ba. Idan pH ya sauya, cajin ya sauya, jan da ke riƙe siffar furotin ya sauya, shi ya sa kowane enzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai, yake da pH ɗin da ya fi aiki a ciki.

Mataki na bakwai: lissafa makamashi ta hanyar da ta dace

Akwai kuskure guda da nake so ka kauce masa da gaske, wato cewa tsinke ƙulli yana sakin makamashi. Tsinkewa kullum cin makamashi take yi, ƙullawa ce ke saki. Sauyin sinadarai yana ba da riba ne idan sababbin ƙulle-ƙullen sun fi tsofaffin ƙarfi da dawwama. Lokacin da ATP, molekul mai fosfet uku da ƙwayar halitta ke adana makamashi a cikinsa, ya haɗu da ruwa ya saki fosfet ɗaya, ana samun kimanin kilojul 30 a kowane mol a ma'aunin gwaji, domin fosfet uku masu cajin ragi da aka jera suna ture juna, kuma abubuwan da suka fito sun fi samun natsuwa a cikin ruwa.

Numfashi ma labarin elektiron ne. A sukarin gulukos, C₆H₁₂O₆, elektiron da yawa suna zaune tsakanin C da H ko tsakanin C da C. Bayan an ƙona shi sun koma kusa da oksijin, a CO₂ da ruwa, kuma wannan gangara tana sakin kimanin kilojul 2,800 a kowane mol, wanda ƙwayar halitta ke karɓa kaɗan-kaɗan ta adana a ATP. Da wannan za ka gane dalilin da ya sa giram ɗaya na kitse ke ba da kimanin kilokalori 9, na sukari kuma 4. Dubi zanensu: sukari cike yake da jan alƙalami, wato wani kaso na elektiron ɗinsa ya riga ya isa wurin oksijin, kitse kuwa kusan duka C da H ne, gangarar da ke gabansa ta fi tsawo.

Mataki na takwas: gwada hanyar a kan matsala ta gaske

Fara da gulukos. Cika ɓoyayyun H, duba cewa kowane kabon yana da layi huɗu, kewaye oksijin. Za ka samu rukunin –OH guda biyar, kowanne yana iya ƙulluwa da ruwa, don haka gulukos yana narkewa a jini, kuma don haka ne yake buƙatar furotin na musamman ya tsallakar da shi tsakiyar tantani mai gudun ruwa. Amma ka lura da iyakar dokar: selulos, wanda ke jikin bangon ƙwayar halittar tsiro, gulukos ne aka jera, duk da haka ba ya narkewa, domin rukunonin –OH ɗinsa sun ƙulla da juna tsakanin sarƙa da sarƙa, ruwa bai samu mashiga ba. Ganin oksijin kaɗai bai wadatar ba, sai ka tambayi da wa ya riga ya ƙulla.

Sai gwaji mafi muhimmanci, cutar sikila. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, yana da sarƙoƙi huɗu, alfa biyu da beta biyu, kowace da ayon na ƙarfe guda. Sarƙar beta tana da amino asid 146. A 1949 Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane a caji, sannan cikin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano cewa amino asid ɗaya ne ya sauya. A matsayi na 6, balin ya maye gurbin gulutamik asid, domin harafi ɗaya a DNA ya canza, GAG ya koma GTG.

Zana reshen kowannensu, wato sashen da ya bambanta amino asid ɗaya da wani. Na gulutamik asid shi ne –CH₂–CH₂–COOH, kuma mataki na shida ya riga ya gaya maka cewa a jini –COO⁻ ne, mai caji, mai son ruwa. Na balin shi ne –CH(CH₃)₂, babu inda jan alƙalami zai taɓa. Matsayi na 6 yana fuskar waje ne, inda ruwa yake, saboda haka yanzu akwai ɗan tabo mai gudun ruwa a wurin da bai dace ba, kuma mataki na biyar ya ce ruwa zai tura shi ya nemi irinsa. Lokacin da himogulobin ya sauke oksijin, siffarsa tana ɗan sauyawa, kuma a wannan siffa balin na wani molekul yana shiga wani ɗan rami mai gudun ruwa da ke jikin sarƙar beta ta maƙwabcinsa. Wannan ya manne da wancan, wancan da na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jinin ta yi siffar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyin jini. Babu sabon ƙullin tarayya ko ɗaya a wannan mannewa, don haka idan oksijin ya dawo zaruruwan suna iya warwarewa, har sai maimaicin ya lalata tantanin ƙwayar.

Daga wannan zane za ka iya fitar da abubuwan da likitoci ke gani. Ƙarancin oksijin yana tayar da ciwon domin yana ƙara yawan himogulobin mai siffar da ke mannewa. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara cunkoson molekul ɗin a cikin ƙwayar, su fi saurin haɗuwa. Saukar pH na jini yana sa himogulobin ya fi saurin sakin oksijin, sai abin ya tsananta. Jariri kuwa a watanninsa na farko ba ya cika nuna alamu, domin yawancin himogulobin ɗinsa na tayi ne, mai sarƙar gama a madadin beta, wanda ba ya shiga cikin zaruruwan, kuma maganin haidiroksiyuriya da ake bai wa masu sikila yana aiki ne musamman ta hanyar ƙara yawan wannan himogulobin na tayi a jininsu.